Kujera Bakwai da Gwiwar Inna

Duk wanda ya karanta tarihi da idon basira ya san cewa yaƙe-yaƙen duniya, da rushewar dauloli, da lalacewar zumunci, tushensu ɗaya ne: wa zai zauna a gaba, wa zai zauna a baya. Na daɗe ina koyar da tarihi a sakandare a Gwaram, amma ban fahimci wannan darasi sosai ba sai da na tashi sayen mota.

Gajiya ce ta sa na rubuta wannan. Tun da na dawo daga Kano, a ɗakin malamai, a ƙofar masallaci, a teburin mai shayi, tambayar ɗaya ce: "Malam Auwalu, yaya hanya? Yaya motar?" Kuma wanda bai taɓa mallakar ko keke ba shi ya fi kowa sanin irin wadda ya kamata in saya. To ga labarin gaba ɗayansa. Wanda ya sake tambayata, takarda zan miƙa masa.

Ni ɗan fari ne. Wanda bai san gidanmu ba zai ce to sai me. Mahaifiyata, Inna, tana zaune a gidanmu na gado a Kiyako. Kakanninta masu shanu ne. Shanun sun ƙare, Fillancin ya tafi, kunyar ce kawai ta zauna daram. Ga furfura a gemuna, amma har yau Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. In na durƙusa gaishe ta, tabarma take amsa wa. In tana da magana da ni, ko ina zaune a wurin, sai ta juya wajen matata Binta ta ce, "Ki gaya wa mutumin nan." Autanmu Nasiru kuwa kwano ɗaya suke ci, ta zage shi, ta ja masa kunne, shi da yake da 'ya'ya uku.

Gwiwar Inna ta dama ta daina lanƙwasuwa. Likita a Birnin Kudu ya ce a riƙa kawo ta duk wata. Motar haya ba ta yiwuwa, don mutum huɗu ake cusawa a baya, kuma ba a tanadi wurin miƙaƙƙiyar ƙafa ba. Saboda haka Nasiru ke ɗaukar ta a babur, ta zauna a karkace, ƙafar a miƙe gefe kamar allon nuna hanya. A daminar bara babur ɗin ya zame da su a wani kwazazzabo kafin a hau kwalta. Allah ya kiyaye, ba ta karye ba. Amma na iske zanenta a shanye a igiya, taɓo har ƙugu, ita kuma tana ɗaki ta juya wa ƙofa baya don kada in ga hannunta da ya kuje. A tsakar gidan nan na yi alkawari Inna ta gama hawa babur.

Na aika Binta da albishir. Ta dawo da amsa.

"Ta ce Allah ya yi albarka. Amma ita ba ta zama kusa da direba."

"To ta zauna a baya mana."

"Na faɗa mata. Ta ce bayan ƙeyarsa? Numfashinta na sauka a wuyansa?"

Kun ji inda aka haifi matsalar. Mota nake nema mai layin kujeru uku, ni a na gaba, Inna a na ƙarshe, layi guda cur a tsakaninmu kamar ƙasar da ke raba dauloli biyu. Kuma dole tsohuwa mai ƙafa a miƙe ta iya kaiwa can baya ba tare da an naɗe ta kamar tabarma ba. Ban damu da launi ba, ban damu da gudu ba. Na sayar da gyaɗar bana da wani fili da na daɗe ina riƙo, na ɗauki babbar rular allo ta makaranta da tsohon rawani, na kama hanya. Amfanin rular zai zo a gaba.

Daga Gwaram zuwa Birnin Kudu na sha zaman da nake so in raba Inna da shi. Mu huɗu a baya, akuya a but tana kuka a kunnena, wani bawan Allah da buhun barkono a cinya. Da ya ji abin da zai kai ni Kano, bai numfasa ba sai da ya lissafa mini motoci goma da bai kamata in saya ba. Na tambaye shi wacce yake hawa. Ya ce shi jaki gare shi, amma yana bin labarai.

A Birnin Kudu na ɗauki Sale, ƙanen Binta. Sale makanike ne, in dai gyaran injin ban-ruwa da janareto ya isa a kira mutum haka. Binta ce ta dage in tafi da shi, wai kunnensa na jin ciwon inji tun kafin injin ya san ba shi da lafiya. Muna shiga mota ya ce, "Yaya Malam, ka kwantar da hankalinka. Ni in na kasa kunne, ko ƙusa ce ta kwance a cikin tanki sai na ji." Sannan ya tambaya ko za a tsaya cin abinci a Wudil.

A taswirar da nake koya wa yara, iyakar Jigawa da Kano jan layi ne siriri. A ƙasa kuwa gungume ne da aka kafa wa ƙusoshi, da mutum a tsaye yana miƙo hannu. Direbanmu ko birki bai taka sosai ba. Ya zuro hannu ta taga, hannun can ya karɓa, gungumen ya ja da baya. Ban taɓa ganin hulɗar jakadanci mai sauri irin wannan ba. A Wudil Sale ya ci kifi, ya ci ƙosai, ya nemi fura don kifin ya zauna. Ni na sha ruwa.

Kanawa mutanen kirki ne, amma al'adunsu sai mutum ya yi nazari. A wajenmu in ka gai da mutum sai ka tambayi gida, da yara, da gona, da gajiyar shekaranjiya. A Kano gaisuwa a tafe ake yin ta, kafin ka kai ga "yaya iyali" mutumin ya sha kwana. Sannan suna da wata hanya ta auna mutum da suna. In ka shigo da alamar saye, kai Alhaji ne. In ka tsaya tambaya, ka koma Malam. In tambayar ta yi yawa, sai ka ji an ce Baba. Ni na shiga filin sayar da motoci ina Alhaji, kafin la'asar na zama Baba.

Wanda ya tare mu wani dillali ne, Alhaji Tanimu, farar shadda, waya uku, ƙamshin turare kamar an fasa shago. A wurinsa na koyi dokokin wannan ƙasa. Ta farko, babu motar da ke da mai ita. Kowacce ta "maigida" ce, maigida kuma kullum ya yi tafiya. Ta biyu, duk motar da ke filin wata tsohuwar Baturiya ce ta hau ta, kuma ba ta zuwa ko'ina sai kanti. Na ce masa lallai Turai ta cika da tsofaffin mata masu son cefane. Bai yi dariya ba. Ta uku, babu ɗigon mai a tankin kowace mota. Mai son gwaji shi zai aika a sayo a gorar ruwa.

Na faɗa masa buƙatata. Ya ce, "Alhaji, ka zo gida. Akwai wata nan, kai ka ce don Hajiya aka ƙera ta."

Mota ce doguwa, baƙa, tana sheƙi. Na zauna a kan wani benci, na ɗora rular allo a gefen ƙafata ta dama, na naɗe ta tam da rawani tun daga cinya har idon sawu. Na miƙe na ɗingisa zuwa motar. Tanimu ya dubi Sale. Sale ya dubi sama.

"Alhaji, mota za a gwada ko ƙafa?"

"Wadda za ta shiga motar haka ƙafarta take. In ban shiga ba, ba za ta shiga ba."

Wannan motar sai an kifar da kujerar tsakiya, mutum ya sunkuya ya rarrafa ta wani ɗan lungu. Na sa kai, na sa kafaɗa, na jawo ƙafar. Rular ta shige ƙarƙashin ƙarfen kujera ta maƙale. Gaba ta ƙi, baya ta ƙi. Ina nan rabi a ciki rabi a waje, hulata ta faɗi, sai na ji filin ya yi tsit, irin shirun da aji ke yi in malami ya zame. Da na waiga, dillalai sun kewaye ni, wani har ya ɗaga waya yana ɗauka. Na kira Sale. Sale yana wajen mai gurasa. Mutum biyu ne suka ja ni ta baya kamar ana fitar da buhu daga rumbu.

Tanimu ya kaɗe mini riga ya ce, "Ai Hajiya ba ta kai ka jiki ba, za ta wuce."

Na ce masa uwata ba za ta rarrafa a gaban jama'a ba ko da motar kyauta ce. Daga nan na koma Malam.

Mota ta biyu ƙofarta ta gefe ja ake yi, kuma da maɓalli take buɗewa. Tanimu ya danna, ƙofar ta zuge a hankali da wani ɗan kiɗi. Sale ya ce, "Allahu Akbar, Bature." Na shiga da ƙyar amma ban maƙale ba. Aka danna ta rufe, ta ƙi. Aka sake dannawa, ta yi kiɗin, ta tsaya inda take. Tanimu ya ce saitin Turai ne, ba ta saba da zafinmu ba. Na tambaye shi ko ya san a Gwaram ma rana ake yi. Aka taru aka tura ta da kafaɗa.

Aka sayo mai a gora, da kuɗina, muka fita gwaji. A nan na ga dabarar da har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci. Tanimu ne ke tuƙi, don wai baƙo bai san hanya ba. Muna fita ya kunna wa'azi, ya ƙure murya. Ya zaɓi titi mai santsi kamar faranti, yana tafe yana gyaɗa kai yana "Na'am, Malam, gaskiya ne." Ni kuwa ina jin wani abu na bugawa a ƙarƙashin ƙafata.

Na ce, "Alhaji, a ɗan kashe rediyon."

Ya waigo da fuskar mamaki. "Subhanallahi. Malam, wa'azi ne fa."

"Na sani. In mun tsaya sai mu saurara da natsuwa, mu sami ladan cikakke. Kashe."

Ya kashe. Ƙarar da ta fito daga ƙarƙashin motar nan, in kun taɓa wucewa ta bayan gidan biki ana daka, to ita ce. Na dubi Sale, mai kunnen da ke jin ƙusa a tanki. Ya karkata kai, ya lumshe ido, ya daɗe yana saurare. Sannan ya ce, "Yaya Malam, wannan ƙarar lafiya ce. Ƙarfi ne ya yi mata yawa." Sai da muka sauka na lura da ƙunshin tsire a aljihunsa, kuma ni ban saya masa ba.

Na ja shi gefe. Da muka keɓe na ce, "Sale, da nawa aka sayi kunnen naka?"

"Haba Yaya Malam. Mutum ya yi maka alheri sai ka ƙi karɓa? Ai rashin tarbiyya ne."

"Yayarka za ta ji wannan."

"To ai da na rage maka," in ji shi, ya miƙo mini takardar da sauran albasa.

Masaukin da muka kwana Sale ne ya san shi. Mai karɓar baƙi yana zaune a bayan ragar ƙarfe kamar shi aka tsare. Ya ce akwai ɗaki mai fanka, akwai kuma ɗaki mai fanka mai juyawa, kowanne da farashinsa. Na ɗauka wasa yake yi. Ba wasa yake yi ba. Muka karɓi mai juyawa, aka ɗauke wuta. A wajenmu in baƙo ya sauka, a share masa ɗaki, a kai masa ruwa, a aiko da tuwo ko da maigidan zai kwana da yunwa. A nan bokiti ma sai ka ajiye jingina. Da gari ya waye na tashi da shaidar sauro a goshi, Sale kuwa ya tashi da yunwa. Kokon da muka samu a bakin titi, in ka leƙa kofin kana hango gindinsa. Na tambayi mai kokon ko gero ya yi tafiya tare da maigida. Ita ma ba ta yi dariya ba. Kanawa ba sa dariya kafin a biya.

Da muka koma filin, Tanimu ya gan ni da rula a hannu ya ce, "Baba, ka dawo." Ya nuna mini wasu biyu, na ƙi. Can ƙarshen fili, bayan wata motar ɗaukar kaya, na hango wata an yasar da ita ƙura ta rufe. Launinta irin na miyar kukar da ta kwana. Tanimu ya ce wannan ba ajina ba ce. Na ce a buɗe.

Ƙofar da hannu ake ja, ba kiɗi, ba maɓalli. Ƙasan motar a kusa yake, taki ɗaya. Layin tsakiya kuma ba benci ba ne, kujeru biyu ne a rabe, da hanya a tsakaninsu. Na ɗaura rula. Na taka, na dafa, na bi ta tsakiyar nan a tsaye ba rarrafe, na zauna a kujerar ƙarshe, na miƙe ƙafar a cikin hanyar. Ta zauna daidai kamar an auna. Na hango kujerar direba can nesa. Na fita, na sake shiga. Na sake fita, na sake shiga.

Na ce zan gwada, kuma ni zan tuƙa, kuma a kan hanyar ƙasa.

"Ba a haka a nan," in ji Tanimu.

"A Kiyako kuma ba a kwalta. Motar can za ta zauna, ba a filinku ba."

"In ka buga fa?"

"In na saya ta watse a hanyar asibiti da tsohuwa a ciki fa? Kai za ka zo ka goya ta?"

Muka yi ta yi har ya ga da gaske zan tafi. Ya yarda, bisa sharaɗin wakilan maigida za su bi mu. Kafin in kwance rular, ƙarti uku cikin shadda sun shige sun zauna, kowa da wayarsa. Aka zuba man gora. Na ja mota, rediyo a kashe. Na nemi wani lungu mai ramuka a bayan unguwa na sa ta a ciki. Ta yi rawa, ta yi ƙara irin ta tsufa, amma ƙarar gaskiya ce, babu daka. Birki ya kama. Giya ta shiga. Sale ya karkata kai zai yi magana, na ce in ya buɗe baki a ƙasa zai koma Birnin Kudu.

Muna tsakiyar lungun, daidai wata kwata, motar ta yi tari ta mutu. Mai ya ƙare. Na dubi wakilan maigida. Suka dubi shaddarsu. Ɗaya ya ce shi yana da ciwon baya, ɗaya ya ɗaga waya ya shiga magana da wanda ban yi imani akwai shi ba. Tanimu ya koma kujerar direba, wai shi zai riƙe sitiyari. Ni da Sale muka tura motar da ban saya ba tukuna, da mutum huɗu a zaune a ciki, yaran unguwa na biye da mu suna ba da shawara.

Da muka kai bakin titi na buɗe ƙofar nan ta ja, na yi musu jawabin da ban taɓa yi wa ko 'yan aji uku ba. Na ce na karanta labarin 'yan fashin teku da na masu tare ayari a sahara, kuma ko su in raƙumi ya durƙushe suna sauka. Na ce mutumin da zai fake da wa'azi don ya ɓoye ƙarar mota, ranar hisabi rediyon ba zai kunnu ba. Na faɗi wasu abubuwan da ba zan rubuta ba, don ɗalibaina na iya karantawa. Suka saurara har na gama. Sai Tanimu ya ce, "To Alhaji, a kawo takardu?" Na koma Alhaji.

Na saya. Wajen biyan la'ada mutane suka riƙa tsirowa daga ƙasa. Wani ya ce shi ya nuna mana ƙofar fili. Wani ya ce shi ya ciro ni jiya da na maƙale, kuma wannan gaskiya ne, na ba shi. Wani dattijo da ban taɓa gani ba ya ce shi ya ce amin lokacin da aka yi addu'ar ciniki.

A dawowa iyakar nan ta gane ni. Motar haya hannu ɗaya take miƙawa ta wuce, amma mota marar lamba da mai furfura a sitiyari, wannan baƙo ne na musamman. Aka ce in faka. Wani mai kaki ya karɓi takardu ya juya su, ya duba gaba, ya duba baya, bai sami abin da yake nema ba. Ya nemi abin kashe gobara, na nuna. Ya leƙa baya, ya zaro rular.

"Wannan fa?"

"Rula ce."

"Rula mai tsawon haka? Me kake aunawa?"

Na yi masa bayanin gwiwar Inna tun daga farko. Ya kira abokin aikinsa ya ce in maimaita. Suka yi dariya har da dafa bonet. Sannan ya ce abin yana iya zama makami, za a riƙe don bincike. Rular makarantar gwamnati ce, ta koma hannun gwamnati, ban yi musu ba. Har yau da igiya nake ja wa yara layi a allo.

Na sauke Sale a Birnin Kudu. Kafin in juya mota na ji yana gaya wa mutanen garejinsu cewa shi ya zaɓe ta, da kunne.

Ranar asibiti ta zo. Na wanke motar da kaina, na ɗauki Binta, muka nufi Kiyako. Kwazazzabon da ya kayar da Inna muka ratsa shi ko girgiza kirki ba mu ji ba. A ƙofar gida maƙwabta suka fito, aka yi addu'a, aka shafa. Sai ga Inna da sandarta, Nasiru na riƙe da hannunta. Ta tsaya ta dubi motar, ba ta dubi inda nake ba.

"Binta, ki ce masa ta yi kyau. Allah ya tsare."

Binta ta ja ƙofa. Inna ta miƙa mata sandar, ta taka, ta dafa, ta bi ta tsakanin kujerun nan a tsaye, ta zauna a ta ƙarshe, ta miƙe ƙafarta. Ko cije leɓe ba ta yi ba. Na ji ta ce, "Af, ashe har da wurin ƙafa." Duk abin da Tanimu da sauro da masu kaki suka yi mini, a wannan lokacin na yafe.

Na shiga, na rufe ƙofa, na tayar da inji. Sannan na yi abin da duk wanda ya koyi tuƙi aka koya masa kafin ya ja mota: na ɗaga hannu na gyara madubin tsakiya, na duba.

Idon Inna ne a ciki. Ita ma ta ɗago daidai lokacin. Tun da aka haife ni ban taɓa kallon cikin idon mahaifiyata kai tsaye ba, sai ranar, a cikin gilashin da bai fi tafin hannu ba. Wani farin zobe ya kewaye baƙin idon, ban san da shi ba. Girarta irin tawa ce sak. Ban san iya lokacin da muka ɗauka ba, amma ba ni na fara kawar da kai ba.

Ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Binta, buɗe mini ƙofar nan."

"Inna, lafiya? Ƙafar ce?"

"Ƙafa lafiya lau. Ki ce masa motarsa kallon mutane take yi."

Ta fita da sauƙin da ta shiga, wannan kam motar ba ta gaza ba. Na kama madubin na murɗe shi har ya ɓalle, na ba Binta ta kai mata a tafin hannu. Inna ta dube shi ta ce, "Ki ce masa ya mayar, kada ya kashe 'ya'yan mutane a hanya." Binta ta ce to Nasiru ya koyi tuƙi ya riƙa jan ta. Inna ta ce, "Wannan? Babur ma da addu'a muke isa." Sannan ta juya wajen Nasiru ta ce, "Kai shashasha, tayar mana da babur, rana na yi."

Masu tambayata yaya motar, lafiyarta ƙalau. Ba ta shan mai sosai, ba ta daka, ƙofarta na rufuwa. Madubin na mayar da shi da gam. Duk ranar asibiti Nasiru na gaba da Inna a babur, ƙafarta a miƙe gefe, ni ina biye da su a hankali har Birnin Kudu. Motar kujera bakwai gare ta. Sandar Inna ce ke hawa ta baya.